A fara da ƙusa, fenti ya zo daga baya

Jama'a, duk wanda ya yi lakwal ta gwamnati a ƙasar nan ya san wani lungu. A wata lakwal bayan kilas ne, a wata tsohon magaza ne da iska ta yaye wa rufi, a wata kuma gindin dogon yaro ne jikin katanga. Nan ake jibge teburan ƴan lakwal da suka karye, wani bisa wani, ƙafafu sama. Rana ta dake su, damina ta jiƙa su, tsatsa ta ci rabonta, awaki su hau su sauka. Taku ashirin daga wurin, cikin kilas, yara huɗu ko biyar sun matsu bisa teburin da aka yi don biyu ko uku, sauran suna zaune bisa buhu suna rubutu a kan gwiwa. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, abin ɗaya ne, kuma mun saba da shi har idonmu ya daina gani.

Ku je ku dubi tarin nan da kyau. Kaɗan ne a cikinsa suka mutu da gaske. Wannan walda ce ta saki a kusurwa guda. Wancan falankin zama ne ya tsage, ƙarfen kuwa lafiya lau. Wani ma bulon huɗu kawai ya rasa. Mai walda ɗaya da kafinta ɗaya za su tada da yawa cikinsu a ƴan kwanaki, inda kuma biyu suka lalace ƙwarai, a haɗa su a fidda ɗaya mai kyau.

Irin wanga lungu akwai shi a gidajenmu ma. Gadon ƙarfe mai rumfa da aka kai tsohuwa da shi ɗakin miji yana bayan ɗaki, kaji na kwana bisansa. Armuwar ɗin baba ta rasa ƙofa ɗaya, ta koma ma'ajiyar tsofaffin takalma. Adakar kaka ta yi tsatsa. Kujerun fada, waɗanda igiyar robarsu ta tsinke, an jingine su ana jiran mai sayen ƙarfe ya zo ya auna a kilo. Ƙarshen na katako dai murhu ne, ranar biki ko suna, in icce ya ƙare.

Maganarmu a nan gajera ce: yawancin kayan nan sun fi waɗanda muke sayowa don mu maye gurbinsu, kuma gyaransu da fentinsu aiki ne da ya kamata mu ɗauka da mutunci, a gida da kuma cikin kayan al'umma. Amma da sharaɗi ɗaya, shi ne a gyara tukuna kafin a shafa. Za mu dawo kan sharaɗin nan, don shi ne cibiyar zancen.

Mu fara da katako. Nijar ba ta da dajin da ake yankan falanki. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi abin da duniya ta yaba, sun bar gawo da sauran itatuwa sun sake tsirowa cikin gonaki har miliyoyin hekta, amma itatuwan nan na taki ne, da abincin dabba, da iccen girki. Jan katako da farin katako da kafintocinmu ke aiki da su, daga ƙasashen kudu masu daji suke shigowa, Najeriya da Gana da Kodebuwa da makamantansu, bisa manyan motoci, kilomita ɗaruruwa. Tun rikicin iyakoki da ya biyo bayan watan Yulin 2023, kowa ya ga yadda hanyar shigo da kaya ta ƙara tsawo da tsada. Ku shiga kasuwar Katako a Yamai ku tambayi kuɗɗin falanki ɗaya, sannan ku koma gida ku ƙirga falanki nawa ke jikin tsohuwar armuwar da kuke shirin faskarawa. Katakon nan an riga an biya kuɗɗin motarsa tun zamanin iyayenmu. Ya sha zafin bazara da sanyin hunturu shekara da shekaru, ya gama bushewa, ya gama murɗewar da zai yi. Sabon falanki da aka yanka ɗanye, sai ya shiga ɗakinka zai fara tsagewa.

Abin da ake kawo mana a madadinsa fa? Galibin gadaje da armuwar masu sheƙi da ke cika shaguna, garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse da inji, aka lulluɓe da wata leda mai kamar madubi. Ranar farko, wallahi, abin sha'awa. Amma ruwa maƙiyinsa ne: ya taɓa gindinsa, sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. Wanda ambaliyar daminar 2024 ta shigar wa ɗaki a Maraɗi ko Damagaram ya san wane kaya ya tashi bayan ruwa ya janye, wane kuma aka kwashe da shebur. Ga matsalar ƙaura. Mu ƴan haya ne da yawanmu, kuma irin wanga kaya in an kwance shi sau ɗaya, sau biyu, ramin ƙusar sai ya zama gari, ba abin da zai sake riƙewa. Kafinta zai iya gyara katako na ainihi sau goma. Garin katako in ya tashi lalacewa, ko gwanin kafintoci sai ya ce maka ka yi haƙuri.

Ba kowane tsohon kaya ya cancanci wahala ba, kada mu yi wa juna ƙarya. Akwai gwaji mai sauƙi. Ɗauki ƙusa ka danna a ƙafafu da kusurwoyin da ke taɓa ƙasa. In ta nutse ba wahala, ciki ya ruɓe ko gara ta cinye. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ka ji ko amo na ciki ne fanko. Duba ƙarƙashi: in akwai ƙananan huji da gari mai laushi kamar na tuwo yana zuba, ƙwaro na ciki yana aiki. In ɓarnar a ƙafa ɗaya take, a sauya ƙafar. In ta game jiki, a ciro abin da ya tsira, falanki ko madubi ko marikin ƙofa, a bar saura. Ƙwaron da bai yi nisa ba kuma, zafinmu na Afrilu da Mayu magani ne: a naɗe kayan cikin baƙar leda a bar shi a rana ƴan kwanaki. Baƙin man mota da wasu ke shafawa don gara, ku bar shi ga ginshiƙin rumfa. Bai dace da abin da za a kwana bisansa ba, kuma fenti ba ya kama katakon da ya sha shi.

Sai aikin kansa, kuma nan ne gaggawa ke ɓata wa mutane. A wanke kayan da ruwa da sabulu don maiƙon hannu da ƙura su fita, a bar shi ya bushe a inuwa. Duk gaɓar da ke motsi a kwance ta, a kankare tsohon gam, a sa farin gam sabo, a ɗaure tamau da igiya ko tsohuwar robar taya, a bar shi ya kwana. Ƙara ƙusa bisa gaɓar da ke rawa ba gyara ba ne, tsaga katakon kawai zai yi. Ramuka da tsagu a cike su da garin zarto da aka kwaɓa da gam. Sannan a goge da takardar goge katako, mai kaushi da farko, mai laushi daga baya, ana bin tsawon jijiyar katakon. Wanda ya tsallake gogewa ya shafa fenti bisa tsohon fenti mai sulɓi, kafin salla ta zagayo zai ga yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. In ƙarfe ne, a kankare tsatsa da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, a shafa maganin tsatsa, ya bushe, sannan fenti.

Fentin ma da ladabinsa. Na bango daban, na katako da ƙarfe daban. Ragowar fentin ruwa da aka shafa wa ɗaki ba zai jure zama da tashi bisa kujera ba. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke zubo da hawaye ya bushe a sama ciki na ɗanye. Kada a yi cikin rana tsaka. Kada a yi ranar da iskar hunturu ta taso, don ƙura za ta manne, kayan ya fito kamar an barbaɗa masa rairayi. Da safe, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Da damina kuma a ƙara haƙuri, bushewa na jinkiri.

Wani abu guda muke roƙo: in kun goge tsohon fenti kuka tarar da madaci ko wani jan katako mai kyan jijiya a ƙarƙashi, don Allah ku ajiye gwangwanin shuɗin nan. Berni ya ishe shi. Irin wanga katako yau ba a samunsa cikin sauƙi, rufe shi da fenti kamar a saka wa saƙi rini ne.

Yanzu ga maganar da masu nuna gyaran kaya a bidiyo ba su cika yi ba, ita ce dalma. Shekaru da yawa masu yin fentin mai suna zuba dalma a ciki don launi ya yi haske, ya bushe da wuri, musamman rawaya da ja da ruwan lemo. Tsohon jan maganin tsatsa da aka daɗe ana shafa wa ƙarfe, shi ma da dalma ake yin wani irinsa. Ƙasashe da dama sun kafa doka cewa kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti, amma tsohon gadon da ke bayan ɗaki ya girmi dokokin nan, kuma ba kowane gwangwani da ke kasuwa aka auna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa a jiki, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso karatu na yi masa wuya, ba wanda ya san dalili. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga mafi munin abin a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Can daga ma'adini ta fito, nan daga fenti, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura ta sauka ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki.

Saboda haka, tsohon fenti ba a goge shi a bushe tsakar gida kusa da madafa. A jiƙa shi da ruwa ana gogewa don ƙura kada ta tashi. A shimfiɗa leda ko tsohon buhu a ƙasa, a tattara abin da ya zubo a kai nesa da inda yara ke wasa. Yara da mai juna biyu su yi nisa da wurin. Mai aikin ya rufe hanci, ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya sauya riga kafin ya ɗauki ɗansa. Kada a ƙona fenti da wuta don ya fita da sauri, kuma katako mai fenti kada ya shiga murhu, hayaƙinsa cikin tuwo da huhun mai girki yake ƙarewa. Wurin sayen sabon fenti a karanta jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta ba dalma. In mai shago bai san zancen ba, ku dai tambaya. Mutum goma suka tambaye shi cikin wata guda, shi ma zai fara tambayar wanda ke kawo masa kaya.

Mu koma ga sharaɗin da muka ajiye. Fenti na da fuska biyu a ƙasar nan, kuma duka mun san su. Akwai wanda ake shafawa bayan an gama aiki, don ya kare katako daga ruwa, ya kare ƙarfe daga tsatsa. Akwai kuma wanda ake shafawa daren da aka ji manya za su kawo ziyara: a fente ƙofar shiga, a fente duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, a jera teburan kirki a kilas ɗin da baƙo zai leƙa, a rufe sauran da kwaɗo. A kasuwa ma akwai masu wanga hali, su cusa takarda da mastik a ramin da gara ta ci, su bi da fenti mai kauri, su saida wa uwar amarya a matsayin sabo. Su ne suka ɓata wa gyara suna, har mutane ke jin “an yi masa fenti” kamar an ce “an rufe aibinsa”. Mai gyara na gaskiya zai juya maka kujera ka ga ƙarƙashinta, ya nuna maka inda ya sauya ƙafa. Wanda ya hana ka juyawa, ka bar masa kayansa.

To don me tarin bayan kilas ke ƙaruwa alhali gyaran ba wuya? Wani dalilin a fili yake. Sayen sabo yana da biki. A jera teburan a fili, a rubuta sunan mai bayarwa a jiki, a ɗauki hoto, a yi jawabi. Marshe ne babba, mai takardu da sa hannu, kuma inda babban marshe yake, kowa ya san ba a rasa masu lasar yatsa. Gyara kuwa ƙananan kuɗɗi ne da za su watse hannun mai walda na unguwa, da kafinta, da mai saida bulon. Ba a yanka kirtani a kan teburin da aka gyara. Ga kuma tsoro: kayan gwamnati ne, an rubuta su a littafi, diraktan lakwal na jin in ya taɓa karyayyen tebur a ce ya saida ƙarfe, sai ya gwammace ya bar shi ya ruɓe a gabansa, ba mai tuhumarsa. A ofisoshi ma haka ne, kujera ta rasa taya ɗaya a tura ta baranda a rubuta takardar neman sabuwa.

Ba mu ce kada a sayi sabo ba. Yara na ƙaruwa kowace shekara, ko an tada duk tarin nan ba zai wadatar ba. Abin da muke cewa shi ne, meri ko kwamitin COGES da ya zo neman kuɗɗin sababbin tebura, a fara tambayarsa nawa ne karyayyu a hannunsa, nawa ke gyaruwa, nawa aka gyara bara. A kuma ware wa gyara nasa layi a kasafin shekara, ko ƙarami ne, kada ya zama sai wani mai hali ya ji tausayi. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwa da dama, inda samari ke koyon kafinta da walda, wani lokaci kayan gwaji ma na yi musu ƙaranci. Ga kayan gwaji nan jibge bayan lakwal ɗin da ke kallonsu. A haɗa su da mushensu, a biya su abin da ya dace, su koyi aiki bisa abin da ƙannensu za su zauna.

A gida kuma abin da ya fi tsatsa cin kayanmu kunya ce. Kayan ɗakin amarya nauyin iyayenta ne, kuma ranar jere mata na shiga suna dubawa, suna shafawa, suna fita da labari. Don tsoron a ce “tsohon gadon uwarta aka kai mata”, uwa za ta kwashe adashinta, ta saida tunkiya, ta ci bashi, ta sayo abin da ba zai kai yayen ɗan fari ba. Ba mu raina wa amarya son sabon abu, haƙƙinta ne ta yi ɗoki. Amma ƴan uwa mata da ke karanta wannan, ku ne ke leƙa ɗakin ƙawa ku yi hukunci, ku ne kuma za ku iya sauya hukuncin. Gadon ƙarfe da aka kankare aka shafa masa fari ko baƙi, da sabuwar katifa bisansa, ba abin da ya rage shi da shi. Adakar da aka fente aka ɗora mata matashi ta zama wurin zama da ma'aji a lokaci guda. Samari ma kada ku yi dariya, da yawanku ku ne ke cewa ɗakin wance bai cika ba.

Kafintoci na da tasu magana, kuma gaskiya ce. Sun ce gyara na cin lokaci fiye da sabon aiki, mai kaya kuma in ya zo biya sai ya ce ai ƴar ƙusa ce kawai ka buga. In muna son sana'ar nan ta tsaya da ƙafafunta, sai mun biya kwancewa da gogewa da jiran bushewa, ba kuɗɗin gwangwani kaɗai ba. A yi ciniki tun farko, a rubuta abin da za a sauya, a raba kuɗɗin kaya da na hannu. Masu saƙa kujerun fada sun riga kowa gane wanga lissafi: ƙarfe ɗaya sai a sake masa igiya sau uku, sau huɗu, kowane lokaci da sabon launi, kuma ba mai jin kunyar zama bisansa ya sha shayi.

Ga ƴan fada da ƙungiyoyin unguwa da ke son taɓa wani abu a babban hutu, aikin farko ba ya cin ko dala. Ku nemi izinin dirakta da COGES, ku fiddo tarin fili, ku raba shi uku: mai son bulon ko falanki kawai, mai son walda, da wanda ya mutu za a ciri sassansa. Ku rubuta adadin kowane kashi gaban shaidu, a sa hannu, a liƙa takardar a ƙofar lakwal, don kada gobe a ce ƙarfe ya yi ƙafa. Da takardar nan za ku tunkari iyayen yara, da ƴan kasuwar unguwa, da meri, kuna faɗin adadi maimakon koke. Saman tebur inda yara ke ɗora hannu da abincin tara, berni ko fenti marar dalma kaɗai za a shafa masa. Kuma a gama shafin ƙarshe aƙalla mako biyu kafin rantire ta Oktoba, don fentin mai ko ya bushe a hannu yana ɗaukar kwanaki kafin ya yi tauri, in an yi gaggawa a wandon yara zai ƙare.